Yadda ake auna ramin foraji a san kaurin gawayin ƙasa, daga bakin rami har zuwa lissafin tan

Tun da maganar gawayin Salkadamna ta sake tasowa, wurin nan da ke kimanin kilomita 80 arewa maso yammacin birnin Tawa inda ake shirin kafa tashar lantarki mai aiki da gawayi, tambaya ɗaya ke ta dawo mini. Ɗaliban EMIG, makarantar koyon aikin ma'adinai, da na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai suna yi, masu haƙar forajin ruwa da ke son shiga aikin ma'adinai su ma suna yi: yaya ake sanin kaurin gawayin da ke kwance mita 50 ko 100 cikin ƙasa alhali ba wanda ya shiga ya gani? Aikin da ke ba da amsa shi ne wanda muke kira diyagarafi a shantiye. Ana zura sandar awo cikin ramin da aka haƙa, a jawo ta sannu a hankali, tana rubuta halin dutsen da ta wuce santimita bayan santimita.

Kada a raina santimitar nan. Ɗauki fili mai murabba'in kilomita 1, gawayinsa na da nauyin tan 1.4 a kowace mita kubik. In ka yi kuskuren santimita 20 kacal a kauri, ka ƙara ko ka rage tan 280,000, wato lodin manyan motoci 7,000 masu ɗaukar tan 40. Mai haƙa kuwa, komai gwanintarsa, yakan ɓata fiye da haka in da ido da jin hannu ya auna. Ga yadda ake bi.

1. Takardu da ciniki, kafin mota ta bar Yamai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sandar da ta fi muhimmanci a wannan aiki, ta auna nauyin dutse, tana aiki ne da wata ƴar ƙwayar sezyom-137 mai fitar da hasken gamma. Mallakarta da ɗaukarta a hanya duk sai da izinin hukumar kula da harkar nukiliya, ARSN. Nemi kamfanin awo ya nuna maka izininsa, da takardar horon wanda zai riƙe ƙwayar, da takardar gwajin sanduna ta baya-bayan nan. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, shingen bincike kuma ba ɗaya ba. Takarda guda in ta ɓace, mota ta kwana a hanya, raminka na can yana zubewa.

Kuɗin aikin kashi-kashi yake zuwa, kuma kowanne a rubuta shi daban a yarjejeniya: kuɗin zuwa da komawa, kuɗin kowace mita da aka auna da kowace irin sanda, kuɗin jira in mota ta iso rami bai shirya ba, sai gazuwal da masauki da rakiyar jami'an tsaro inda hukuma ta wajabta. Akwai na biyar da mutane ke tsallakewa sai ta faru: wa zai biya in sanda ta maƙale ta ɓace a rami? A sasanta wannan tun ana dariya.

Shawarata a nan ba ta canzawa. Awo bai kai haƙa tsada ba, ko kusa. Wanda ya zuba miliyoyin sefa ya haƙa rami sannan ya ce zai yi tsimin kuɗin awo, ya sayi doki ne ya ƙi sayen linzami. Inda za ka rage kashewa shi ne kuɗin jira: tsara aikin yadda motar awo za ta iso daidai lokacin da rami ke ƙarewa, ko ta zauna shantiye in injinan haƙa biyu ko uku ke aiki tare.

Gargaɗi: kada ka sa aikin a tsakiyar damina. Daga Yuli zuwa Satumba ƙorama ɗaya ta isa ta raba ka da shantiye kwana biyu.

2. Shirya ramin

Sanda ba ta gyara mugun rami. Tun wajen haƙa a kula da abu huɗu.

Faɗi. In ana ciro karot, wato gungumen dutsen da ake yankowa ɗungurungum, girman HQ ya fi dacewa: rami milimita 96, karot milimita 63.5. NQ ma yana yi, raminsa wajen milimita 76, amma gawayi mai taushi ya fi farfashewa a cikinsa.

Zurfi. A wuce ƙasan gawayi na ƙarshe da mita 5 ko 6 aƙalla. Idon sanda ba a bakinta yake ba, wani yana can sama da mita 2 ko fiye, ga kuma ɓarɓashin da ke taruwa a gindin rami. In an tsaya daidai ƙasan gawayi, daɓensa ba zai fito a zane ba, kuma gawayin da ba a ga ƙasansa ba, ba a san kaurinsa ba.

Wanki. Da an gama haƙa, a ci gaba da zagaya ruwa har ya fito ba ɓarɓashi. Laka mai kauri da yawa tana hana sanda sauka, tana toshe hannuwan ma'aunin faɗi, sandar nan da ke buɗe hannuwa ta taɓa bango don auna faɗin rami.

Ruwa. A cika ramin, a rubuta inda ruwa ya tsaya. Ma'aunin turjiyar lantarki, wato yadda dutse ke hana lantarki wucewa, da na saurin sauti a dutse ba sa aiki sai cikin ruwa kuma a ramin da ba tiyo. Inda ƙasa ke shanye ruwa, a tanadi tanka kusa.

Gargaɗi, kuma shi ne babba a wannan mataki: a auna ranar da aka gama, injin haƙa yana tsaye a kan rami. Ƙasarmu akwai sakakken rairai, akwai yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa. Ramin da aka bari ya kwana yakan wayi gari a toshe. In ka ga alamar ba zai tsayu ba, kada a cire tiyon haƙa: a zura sandar gamma da ta nauyi ta cikinsu tukuna. Lambobin nauyin ba za su zama abin dogaro ba saboda ƙarfe ya shiga tsakani, amma iyakar gawayi za ta fito. Da babu gara ba daɗi. Bayan nan a ɗaga tiyon kaɗan-kaɗan ana auna abin da ya buɗe.

3. Gwajin kaya da kafa sifiri

Kayan ba su da yawa: injin naɗe waya da dogon kabul ɗinsa, puli da ake kafawa bisa rami, ƙafar ƙidayar zurfi da kabul ke bi ta kanta, akwatin karɓar saƙo, kwamfuta, janareto, sai sandunan. A sa wa janareto na'urar daidaita wuta, don wutar da ke rawa tana zana ƙarya a layi.

Gwada ma'aunin faɗi da zobba biyu da aka san faɗinsu. Gwada sandar nauyi a kan tubalin gwaji, galibi na alminiyam, da cikin ruwa, ka ga ko tana ba da lambar da ke takarda. Duba zoben roba na kan sanda, goge shi, shafa masa mai. Ƙurar hunturu in ta shiga mahaɗar nan, ruwa zai bi ta, saƙo ya yanke a mita 70. A watan Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafin Adar ke haura digiri 40, kada a bar sanda kwance a rana bayan mota. A inuwa, a lulluɓe.

Sai sifiri. Daga ina ake fara ƙirga zurfi? Daga doron ƙasa, ko bakin tiyo, ko teburin injin haƙa? Ku zaɓi ɗaya kai da mai haƙa, doron ƙasa ya fi, a rubuta a kaye da kan kowane zane. Rabin rigimar da na gani tsakanin mai haƙa da mai awo daga nan take: ɗaya na ƙirga daga tebur, ɗaya daga ƙasa, santimita 80 na tsakaninsu, kowa na rantsuwa.

4. Jerin saukar da sanduna

Jerin yana da dalili, kada a juya shi don sauri.

Da farko sandar banza, ƙarfe mai nauyi da ba komai a cikinsa. Ita ce ɗan aike. In ta isa gindi ta dawo lami lafiya, hanya a buɗe take. In ta tsaya a wani wuri, mai haƙa ya koma ya share.

Na biyu gamma ta halitta tare da ma'aunin faɗi mai hannuwa uku. Wannan ba ta da ƙwaya, sauraro kawai take yi ga ɗan hasken da dutse ke fitarwa da kansa. Daga zanen faɗi za ka ga inda bango ya rufta, ka yanke shawara ko ramin ya isa a amince masa da ƙwaya.

Na uku sandar nauyi, uwar aiki. Na huɗu turjiya, sai sauti in an biya kuɗinsa, sai ma'aunin karkata in rami ya yi zurfi, don rami ba ya tafiya a miƙe kamar yadda ake zato.

Ana saukar da sanda hannuwa a rufe, a buɗe su a gindi, a yi awo wajen hawowa, lokacin da kabul ke a miƙe da nauyi. Awo na gaba ɗaya a gudun mita 6 zuwa 9 a minti ya isa. Da an gano inda gawayi yake, a koma ƙasa da shi da ƴan mitoci, a sake bi a mita 2 ko 3 a minti, ana ɗaukar lamba kowane santimita. Hasken gamma ƙidaya ce ta ɗaiɗai, in ka yi gudu ƙidayar ba ta cika, gefen gawayi ya fito a shafe. Mai awon da ke son kama la'asar a gari zai ce maka bambancin ba yawa. Tsaya a bayansa ka dubi allon gudun da idonka.

Gargaɗi game da ƙwaya: mutum ɗaya ke taɓa ta, wanda aka horar, da dogon maɗauki, ɗauke da ƴar na'urar da ke ƙidaya hasken da jikinsa ya sha. A kewaye wurin da igiya, a kori ƴan kallo, musamman yaran makiyaya da ba sa rasa zuwa. Nisa kariya ce: in ka ninka tazara sau biyu, hasken da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A rufe bakin rami da faranti yayin ɗaura ƙwayar da cire ta. In kuwa sandar ta maƙale da ƙwaya a ciki, a tsaya. Ba fizga, ba zura ƙarfen haƙa a kanta da ka, a sanar da hukuma nan take. Sezyom-137 sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar nan shi mutane da dabbobi ke sha.

5. Kafin ka sa hannu mota ta tafi

Minti ashirin a nan ya fi tafiyar dawowa. Sanda ta dawo bakin rami, dubi ƙidayar zurfi: ta koma sifiri? Bambancin santimita 10 a ramin mita 100 ana yafewa, fiye da haka kabul ya zame a kan ƙafar ƙidaya, a sake. A maimaita wani yanki na mita 10 zuwa 20 a aza shi bisa na farko, layukan su hau juna. Layin gamma na kowace sanda ya yi daidai da na sauran a zurfi, da shi ake ɗinke su.

Karɓi ɗanyun lambobin a fayil ɗin LAS, ba hoton zane kaɗai ba, ka kwafa wuri biyu tun a nan. A kan zanen a samu sunan rami, kwanan wata, matsayinsa na GPS, faɗin haƙorin haƙa, inda tiyo ya tsaya, inda ruwa ya tsaya, lambar kowace sanda. Bayan nan a toshe ramin da siminti, a kafa alama mai lamba. Buɗaɗɗen rami yana haɗa ruwan sama da na ƙasa, yana karya ƙafar raƙumi, kuma maigari ba zai manta da ku ba.

6. Karanta zanen

A nan aikin yake. Buga zane biyu, na gaba ɗaya a ma'aunin 1:200, na wurin gawayi a 1:20. Jera layukan kafaɗa da kafaɗa.

Gawayi na gari yana da kamanni. Nauyinsa ƙasa yake ƙwarai, tsakanin 1.2 da 1.5 na giram a santimita kubik ga mafi yawansa, alhali dutsen rairai da na yumɓu suna kaiwa 2.2 zuwa 2.6. Gamma ɗinsa ƙasa take, galibi ba ta kai 30 ba a ma'aunin API, dutsen yumɓu kuwa yakan haura 80. Sauti na tafiya a hankali cikinsa. Turjiyarsa sama take in tsohon gawayi ne mai tauri. Bangon rami a wurin kuma lafiya lau.

Matsalar ita ce kowane layi, in shi kaɗai ka tambaya, yana da ƙaryar da yake yi.

Gamma ba ta bambanta gawayi da tsabtataccen rairai ko dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Dukansu ƙasa take nunawa. A ɗaya gefen, gawayi na iya riƙe yuraniyom, sai gamma ta yi tsalle sama a daidai inda kake jiran ta faɗi. Wanda zai yi aiki a arewa, ɓangaren Anu Araren da hanyar Arlit, ya riƙe wannan da kyau. A Adar kuma ƙwallayen fosfat kan ɗaga ta. Turjiya ita ma ba ta da tabbas a kan ɗanyen gawayi mai ruwa da yawa, wanda ake kira linyit: jiƙarsa na barin lantarki ya wuce, layin ya ƙi tashi.

Nauyi shi ne mashaidin da ya fi gaskiya, amma shi ma yana da makaho a gefe. Inda bango ya rufta ya zama kogo, sanda ba dutse take gani ba, ruwa take gani, nauyin ruwa kuwa 1.0 ne. Sai layin ya faɗi ƙasa, ya yi kama da gawayi mafi kyau da ka taɓa gani.

Wannan ta taɓa cin ni, shekarun farko. Wani rami ne a daji, da yamma, zafi ya fara sauka. Layin nauyi ya faɗo daga 2.3 zuwa wajen 1.2, ya tafi haka kusan mita 3. Layin faɗi a miƙe kamar zare. Na riga na fara lissafi a bayan kaye ina murmushi. Tsohon da ke riƙe da injin haƙa yana zaune bisa galan yana fifita shayi, ya leƙo ya ce, "Injiniya, a mita nawa ka ce?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai. "Ɗana, wurin nan ruwa bai yi baƙi ba. Rairai ya yi ta fitowa, fari, har na ƙara laka sau biyu." Na ce, "Baba, na'ura ba ta ƙarya." Bai ce komai ba, ya miƙo mini kofi. Da muka fito da ma'aunin faɗi, hannuwan uku a manne suke da busasshiyar laka, ko motsi ba su yi ba tun daga gindi. Aka wanke, aka sake zurawa. A daidai mita ukun nan hannuwan sun buɗe har iyakarsu. Kogo ne. Tun daga ranar, layin faɗin da ya miƙe sumul daga ƙasa har sama ba ya burge ni, tsoro yake ba ni, kuma kayen mai haƙa yana gefena duk lokacin da nake karatu.

Don haka ga yadda nake bi. Na fara da nauyi, in yi alama duk inda ya faɗi ƙasa da 1.8. In koma layin faɗi in soke duk wanda ya zo daidai da kogo, ko in sa masa alamar tambaya, don gawayi mai taushi shi ma yana ruftawa. Sai gamma, sai turjiya, sai abin da mai haƙa ya rubuta na launin ruwa da saurin shigar haƙori. Wanda ya tsallake duka shi nake kira gawayi.

Sa iyaka. Layi ba ya karyewa tsaye a bakin gawayi, gangarowa yake. Ɗauki lambar dutsen rufi, wato wanda ke bisa gawayi, da ta cikin gawayi, iyakar tana tsakiyar gangaren. Yi haka sama da ƙasa. Sandar nauyi ido biyu gare ta ko uku: na kusa da ƙwaya ya fi ganin siraran abubuwa, da shi ake sa iyaka, na nesa ya fi faɗin nauyi na gaskiya don yana leƙawa cikin bango sosai. Kada ka musanya musu aiki.

Sai jijiyoyin yumɓu da ke ratsa gawayi. Suna fitowa kamar ƴan ƙahoni, nauyi da gamma su tashi tare. Rubuta kowace da kaurinta. Shimfiɗar gawayi mai kaurin mita 3 da ke ɗauke da jijiyoyi na santimita 60, gawayinta mita 2.4 ne, kuma rahoton da ya rubuta 3 kawai ya ci amanar mai karanta shi. In nauyi ya tashi gamma ba ta motsa ba, yi zargin firit, ma'adinin nan mai ƙyalli kamar zinariya da ke ɗauke da farar wuta, ka gaya wa labo su duba.

7. Daidaita karot da zane, sannan a yanki samfur

Karot na gawayi ba ya fitowa cikakke sau da yawa. Mai taushin ya niƙe ya bi ruwa, mai taurin ya rage. Shimfiɗa karot a akwatinsa, riƙe zanen 1:20, nemi wata alama da ba ta ɓata, kamar jijiyar yumɓu ko ƙasan rufi, ka matsar da zurfin mai haƙa ya hau na zane. Zurfin zane ake bi. Auna tsawon gawayin da ya fito ka raba da kaurin da zane ya nuna. In ya kai kashi 95 cikin 100, samfurin ya wakilci shimfiɗar. In ya faɗi ƙasa sosai, a haƙa wani rami a gefe, don abin da ya ɓace galibi shi ne mafi kyau, sakamakon labo zai fito da toka fiye da gaskiya.

Yanka samfur bisa iyakokin da zane ya nuna, kowane ɓangare jakarsa, jijiyoyi daban, rufi da daɓe daban.

Gargaɗi: a ɗaure cikin leda biyu nan take, a ajiye a inuwa. Iskar hunturu na busar da ɗanyen gawayi cikin sa'o'i, ya tsattsage, kuma ruwan da ya tashi ba zai dawo cikin lissafi ba.

8. Daga nauyi zuwa toka

Labo zai ba ka ruwa, toka, abin da ke tashi in an ƙona, gawayi tsantsa, farar wuta, ƙarfin zafi, da nauyi. Zane ba ya ba da waɗannan kai tsaye, kada wani ya ce maka yana yi. Abin da yake iyawa shi ne wannan: toka ta fi gawayi nauyi, saboda haka duk yadda toka ta ƙaru nauyi na ƙaruwa. Jera samfura 20 ko 30, nauyin zane a gefe, tokar labo a gefe, za ka ga sun bi layi. Da layin nan sai ka ƙiyasta tokar ramukan da ba a ciro musu karot ba, waɗanda haƙarsu ta fi araha. Nan ne awo ke maido da kuɗinsa.

Layin na wurinsa ne kawai. Wanda aka fitar a Anu Araren ba zai yi aiki a Salkadamna ba, har shimfiɗa biyu a fili ɗaya kan bambanta.

9. Ɗinke ramuka, fitar da tan

Jera zanen ramuka bisa tsayinsu daga teku, ba bisa doron ƙasa ba, don tudu da kwari na ruɗar ido. Kowace shimfiɗa tana da sa hannunta, misali jijiya biyu kusa da sama da ƙahon gamma a rufi. Bi wannan sa hannun daga rami zuwa rami. Inda ya yi tsalle da mitoci tsakanin ramuka biyu makusanta, akwai yiwuwar tsagewar ƙasa, a ƙara rami a tsakani. In shimfiɗa a karkace take, kaurin da rami ya nuna ya fi na gaskiya: a karkatar digiri 20, mita 2.4 na komawa wajen 2.26. A Adar duwatsun kusan a kwance suke, gyaran kaɗan ne.

Lissafin kansa ɗan firamare ma zai yi: faɗin fili sau kauri sau nauyi. Misali na koyo: murabba'in mita 1,000,000 sau 2.4 sau 1.4, ya ba da tan 3,360,000. Nauyin da za ka sa shi ne na gawayi yadda yake a ƙasa da ruwansa. Na labo, wanda aka busar aka niƙa, ya fi shi, kuma in ka yi amfani da shi ba gyara ka kumbura lissafi.

Sai tambayar da mai kuɗi zai yi: ƙasa nawa za a kwashe kafin a kai gare shi? A misalinmu, in rufin mita 42 ne, mita kubik miliyan 42 ke nan, wato 12.5 a kan kowane tan. Wannan lamba ita ke yanke hukunci a haƙar fili irin wadda SONICHAR, kamfanin gawayin ƙasa da aka kafa a 1975, ke yi a Anu Araren kusa da Cirozerin, tasharsa mai injina biyu na megawat 18.8 kowanne tana ba da wuta tun 1981. Zanen sauti ma a nan yake amfani, yana nuna taurin rufi: wanda katafila za ta kankare da wanda sai an sa nakiya.

Kada ka miƙa lambar rami ɗaya ta rufe duk daji. Wani tsohon ma'auni na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, na 1983, yana ɗaukar abin da ke cikin mita 400 daga rami a matsayin aunanne, zuwa kilomita 1.2 mai alama, zuwa kilomita 4.8 hasashe. Masu aiki da JORC, ƙa'idar rubuta rahoton ma'adinai ta Ostareliya, yanzu sun fi duba yadda gawayin ke canzawa tsakanin ramuka kafin su tsayar da tazara, kuma ina ganin sun fi gaskiya: inda kauri ke wasa daga mita 1 zuwa 3 cikin ɗan taƙi, mita 400 ma ta yi nisa. A rahotonka rubuta kashi ukun nan daban-daban, kowanne da adadin ramukan da ke bayansa, ramukan da ba a samu aunawa ba kuma a jera sunayensu a fili tare da dalili.